Maganar warin banɗakin nan naku

Assalamu alaikum ɗana, ya gida ya iyali. Ummanku ta faɗa min abinda matarka ta gaya mata a waya, wai tunda kuka tare a tsohon gidan nan wari yaƙi barin banɗaki, an wanke an goge an banka turaren wuta amma da asuba in an buɗe ƙofa sai ya bugi mutum. Shine nace bari in zauna in rubuta maka a tsanake, don a waya kullum sauri kake.

Ka fara gaya ma yarinyar nan ta kwantar da hankalinta, ba ƙazantarta bace wallahi, iskar sokawe ce take dawowa ta bututu, ko sau goma zata wanke tayil a rana bazai daina ba. Kuma a dakata da turaren tukuna, hancinka muke buƙata a aikin nan.

Kaga duk inda ruwa ke sauka, wajen wanke hannu ne ko rariyar ƙasa ko masai, filamba na kirki yana sa bututu mai lanƙwasa a ƙarƙashi kamar harafin U, ruwa yana kwanciya a cikinsa wajen santimita 5, to wannan ɗan ruwan shine murfin da ke tare iskar. In ya bushe hanya ta buɗe kenan. Gidan naku ance ya daɗe a kulle kafin ku shiga, ga hunturu da ke busar da komai, ni dai nan na fi zargi, musamman banɗakin baƙi da ba kowa ke shiga ba. Ka ɗebi bokiti ka zuba a kowace rariya, wadda ba'a amfani da ita ka bi ta da cokali ɗaya na man gyaɗa, man yana kwanciya a sama ya hana ruwan saurin bushewa. Ka haska tocila ciki. In kaga ruwa a tsaye Alhamdulillah, in kuwa ka zuba ya wuce babu ko ɗigo to ko lanƙwasar ta tsage ko tun farko ba'a sa ta ba, gidajen da na shiga da yawa lokacin ina aikin famfo haka na same su, bututu miƙe santal har rami. Kyankyasai in suna fitowa ta nan da dare shima shaida ne.

In kwana biyu sun wuce wari na nan, sai ka gano ta ina yake fitowa. Da dare ka ɗura ruwa a leda ka ƙulle ka ɗora kan rariyar ƙasa ta toshe ta, ka rufe ƙofa, da safe ka shiga ka ji. Gobe ka gwada wata. Ɗaya bayan ɗaya, kar ka toshe duka rana ɗaya ka rasa gane mai laifin.

Sannan ka kora ruwan masai ka kasa kunne, in kaji rariya ko sinki na yin gul-gul-gul kamar ana tuttule tulu, bututun shan iska ne ya toshe, wannan dogon da ke bin bango ya wuce rufi. Sheƙar tsuntsu ko ganye ko gidan zanzaro sukan cika shi, in ya toshe kuma duk sanda aka kora ruwa sai ya tsotse wanda ke kwance a lanƙwasar, kai kana zubawa shi yana shanyewa. Ka girgiza masan ma da hannu, in yana motsi ko kaga damshi a bayansa inda ya haɗu da bututu to robar wajen ta mutu ko simintin ya saki, canjawa kawai za'a yi ba tsada.

A tsakar gida ka duba murfin sokawe da na cemba, wato ɗan ramin nan mai murfi da bututu ke bi ta ciki kafin ya kai sokawe, ko sun tsage. In akwai dogon yaro kusa ka sa ido, saiwarsa tana bin danshi ta kutsa tsohon bututu, na ƙarfen nan na da kuma tsatsa ke cinye shi ta ciki.

Yanzu ga abinda ya hana ni barci har na tashi rubutu. Don girman Allah kar ka leƙa ramin nan da kanka, kar ka shiga, kar ka bari a ba wani yaro 'yan kuɗi ya shiga. Iskar da kake ji kamar ruɓaɓɓen ƙwai guba ce, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi shi yasa take taruwa a ƙasan rami, kuma in tayi yawa hanci daina jinta yake, mutum ya ɗauka ta wuce alhali lokacin ta fi ƙarfi. Haka ake rasa mutum biyu uku a rami ɗaya, na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto shima ya faɗi. Akwai wata iskar kuma a ciki da bata wari sam amma tana kama wuta, ba ashana ba sigari a bakin ramin. In ya cika a kira masu motar zuƙe shadda su yi aikinsu. Ka kuma ja kunnen matarka kar ta haɗa bilic da asid ɗin wanke masai wai don warin ya mutu, hayaƙin da ke tashi yana ƙona ƙirji, gashi banɗaki a rufe. Tagar ma a riƙa barinta buɗe, in wani ya fara ciwon kai ko tashin zuciya ku fito waje.

Kar ka bar kowa ya fasa tayil sai kayi duk waɗannan, kuma sai kun yi magana da mai gidan an san wa zai biya. Ranar Juma'a bayan an sauko ka kira ni ka gaya min abinda tocilar ta nuna maka. Ummanku na gaisheku, tace kuka da daddawar suna nan ta ƙulle sai an samu mai zuwa. Allah ya yi muku albarka.

Babanka