Mu kuma da ba gwamnati ke biyanmu ba fa?

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in sa baki a maganar mafi ƙarancin albashi, don duk sanda aka tashi muhawarar nan sai ka ɗauka kowane ma'aikaci a Najeriya a sakatariya yake zaune. Ni malamin makarantar kuɗi ne a nan Bauchi, shekara bakwai kenan ina koyar da lissafi a aji biyar da shida, albashina dubu 28, shi ma ba ƙarshen wata yake zuwa ba sai iyayen yara sun biya kuɗin zango, in an yi dogon hutu kuwa rabi ake ba mu wai ai ba mu shiga aji ba, kamar cikin ma ya tafi hutu.

A 2024 kunnena na manne da rediyo. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka buɗe ciniki da dubu 615, gwamnati ta taya dubu 48, aka shiga yajin aiki farkon Yuni har aka kashe wutar ƙasa gaba ɗaya, mu dama ba ganinta muke ba, daga ƙarshe su Ajaero shugaban NLC suka sallama a dubu 70, Tinubu ya sa hannu ƙarshen Yuli. Ban ce ba su yi ƙoƙari ba, daga dubu 30 ɗin Buhari na 2019 ai an matsa. Sai dai litar fetur da ke ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ta haura dubu kafin 2024 ta ƙare, toh wanda ya samu ƙarin ma kuka yake balle mu.

Abin da ba a faɗa a rediyo shi ne dokar da kanta ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mu a makarantarmu har da maigadi da mai shara mu 16 ne. Kenan ni, da yaron shago a Wunti, da yarinyar da ke tsaron kemis, da mai POS a bakin titi, doka ma ba ta san da zamanmu ba. Wuraren da suka haura 25 ɗin ma wa ke zuwa ya duba takardar albashinsu? Ka buɗe baki a ce in ba ka so ka ajiye, ga masu NCE da digiri can a bakin get riƙe da fayil.

Amma kasuwa ta san da mu sarai. Ranar da aka sanar da ƙarin, mai shinkafa a kasuwar Muda Lawal bai tambaye ni ko gwamnati ke biyana ba, mudu ɗaya farashi ɗaya, mai Keke Napep daga Yelwa haka, mai gidan haya kuwa har gida ya tako ya ce Malam ai an muku ƙari. Wallahi dariya kawai na yi, me zan ce masa.

Mai makarantarmu ma ban ɗora masa duka laifin ba, na san in ya ƙara kuɗin makaranta rabin yaran za a kwashe, iyayen ma yawanci ƙananan ma'aikata ne da 'yan tireda. Sai dai a bara ya sake mota, wannan kam na gani da idona.

Tunda sabuwar dokar ta ce duk shekara uku za a sake duba albashin, ba biyar ba kamar da, 2027 ga ta nan tafe. Roƙona ga shugabannin ƙwadago na jiha, kafin a fara jifa da manyan lambobi a Abuja, a fara taɓa maganar mutum 25 ɗin nan, a sauko da ita ko zuwa goma ne, kuma jami'an ma'aikatar ƙwadago su riƙa leƙa makarantun kuɗi da gidajen mai ba tare da sanarwa ba. In sun zo namu, su tambayi mai sharar tukuna, ita dubu 12 take karɓa.

Naku,
Wani malamin firamare,
Yelwa, Bauchi