Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan ranar fitar mota bayan feshi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da hajiyoyi, da 'yan'uwa direbobi masu jigila tsakanin Jidda da Makka, muna gaishe ku, muna kuma godiya da amanar motocinku da kuke kawo mana. Daga wannan wata, motar da aka fesa wa fentin ƙyalli ba za ta bar warsha a ranar da aka fesa ta ba, sai idan ta shiga ɗakin gashi, wato inda ake gasa fenti da zafi, ta fito ta huce. Mun san hakan zai takura wa wanda motar ce abincinsa, shi ya sa muka ga ya kamata ku ji dalili dalla-dalla.

Ƙyalli shi ne shafi na ƙarshe, marar launi, da ake fesawa a kan kala. Shi ke shan rana da ƙura da karce a madadin kalar da ke ƙarƙashinsa. Irin da muke aiki da shi gwangwani biyu ne, ƙyallin da hadinarsa, wato sinadarin da ke taurara shi. Ana haɗa kashi 2 na ƙyalli da kashi 1 na hadina (wasu kamfanonin 4 da 1 suke cewa), sai a ɗiga tina, ruwan da ke tsinka fenti, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Da an fesa, abu biyu ke farawa a jikin mota, kuma saurinsu ba ɗaya ba ne. Tina tana tashi ta bi iska, bushewa ke nan. Hadina kuma tana kama ƙyallin, su ƙulle da juna har su zama fata mai tauri, wannan shi ne yin ƙwari. Bushewa aikin mintuna ne da awoyi. Ƙwari aikin kwanaki ne. Mai mota ya ɗora yatsa ya ji ba danshi sai ya ce a ba shi makulli, alhali farce zai iya nutsewa a wurin.

Lokutan da kamfanonin fenti ke rubutawa a takardarsu na zafin digiri 20 ne. Kala tana shan iska minti 10 zuwa 15, har sheƙinta ya mutu, kafin a ɗora mata ƙyalli. Tsakanin shafin ƙyalli na farko da na biyu minti 5 zuwa 10. Bayan minti 20 zuwa 40 ƙura ta daina mannewa. Kafin a mayar da fitilu da hannun ƙofa da robar gilashi sai an yi awa 12 zuwa 16, folish kuwa sai bayan awa 24. Yawancin ƙwarin yana samuwa cikin mako guda, amma ragowar tina tana ci gaba da fita a hankali tsawon wata ɗaya, a shafi mai kauri har wata uku. Ɗakin gashi yana gajarta kwanan farko: digiri 60 na minti 30, kuma ƙirgen yana farawa ne daga lokacin da ƙarfen motar kansa ya kai 60, ba daga kunna inji ba. A masana'anta ana gasa gangar mota a kusan digiri 140 tun ba a saka mata waya ko roba ko kujera ba. Motar da aka riga aka harhaɗa ba za ta jure wannan wuta ba, don haka fentin gyara dole ya ƙarasa ƙwarinsa a hannunku.

Maganar da muka fi ji ita ce, "Malam, ai ranar Jidda ta isa, fito da ita waje." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin aikin hadina. Matsalar ita ce zafi daga sama yake kamawa. Bonet mai duhun kala a ranar Yuli yana wuce digiri 70. Idan aka fito da shi da ɗanyen ƙyalli, saman zai rufe tun tina tana ciki. Tinar da aka tsare sai ta nemi hanya, ta huda fatar, washegari a ga bonet da rufi cike da ramuka masu girman bakin allura. Ba folish ɗin da ke cire su, sai an goge da sanfefa an sake feshi. Wani lokaci ramukan ba sa fitowa, sai dai sheƙin ya dusashe bayan mako biyu, motar da ta fita tana ɗaukar ido ta koma dishi-dishi.

Zafin yana cin haɗin tun yana cikin kofi. Wanda zai jure awa ɗaya da rabi a digiri 20, a digiri 40 kafin rabin awa ya fara kauri, ya fito daga bindigar feshi da gudaje, ya kwanta kamar ɓawon lemo. Saboda haka da zarar zafi ya haura 30 muna komawa hadina da tina masu jinkiri, kuma muna haɗa abin da zai ishi ƙofa biyu ne kawai a lokaci guda. Hadina mai jinkiri tana ƙara awoyin jira, kuma ita ce daidai da garin nan.

Sai laimar teku, wadda ta fi tsanani a Agusta da Satumba, musamman da dare da asuba. Hadina tana shan ruwa duk inda ta same shi. Abin da ta sha na ruwa ya fita daga rabon ƙyalli, ga kumfa, ga fari-fari da ke hawa saman fenti. Idan ma'auni ya nuna laima ta wuce kashi 80 cikin ɗari muna ɗage feshi, ko da mun yi muku alkawarin ranar. Tankin kwamfireso kuwa safe da yamma ake tsiyaye masa ruwa.

Abu biyu da ake yawan roƙo ba za mu yi ba. Na farko, a ƙara hadina don ya yi saurin bushewa: ba ya ƙara sauri, sai dai fentin ya yi gautsi ya tsage daga baya, kamar yadda rage ta ke barin sa da laushi har abada. Na biyu, a yi shafi uku ko huɗu don ƙarin sheƙi. Shafi biyu masu kyau suna ba da kaurin maikiron 50 zuwa 60 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma shi ake nema. Abin da ya wuce haka yana zubowa a gefen ƙofa, yana tsare tina, yana ninka kwanakin jira. Bamba ta roba ma ku yi mata uzuri, ana zuba wa ƙyallinta maganin laushi don kada ya fashe idan ta lanƙwasa, kuma maganin yana jinkirta ƙwari.

Yanzu ga rabonku, bayan kun karɓi makulli.

A makon farko kada ruwan wanki mai ƙarfin feshi ya taɓa wurin, kada kuma a rufe motar da riga ko tamfol, domin saƙar rigar tana zanuwa a jikin fenti idan rana ta buga. Ku gaya wa mai wankin unguwa, wanda ke zagayawa da bokiti da tsumma kowace safiya, ya tsallake motarku. Tsumma ɗaya da ya share mota goma yashi ne a cikinsa. Idan guguwar ƙura ta taso, a kwarara ruwa mai yawa a bari ƙurar ta sauka da kanta, sannan a tsane da tawul mai laushi a inuwa. Kada a bar ɗigon ruwa ya bushe a rana, gishirin cikinsa yana barin zobe. Ku duba sama kafin ku ajiye mota a lungu: ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga daga taga yana yin irin wannan tabo, kashin tantabara kuma ya fi shi sharri, yana cin ɗanyen ƙyalli cikin awoyi. Idan ya sauka, a jiƙa shi da ruwa har ya yi laushi a ɗauke, ba a kankarewa. Kuliyoyin da ke kwana a kan bonet, su ma a yi musu dabara.

Daga mako na biyu a wanke da hannu da sabulun mota, ban da sabulun wanke kwanuka. Fetur idan ya zuba a bakin tanki a wanke nan take. Kakin sheƙi, da shafin seramik, da ledar kariya, da sitika, da injin wanki mai buroshi, duk su jira kwana 30 aƙalla, kuma 60 ya fi mana kwanciyar hankali. Kaki da leda suna toshe hanyar ragowar tina, ledar kuma idan aka zo ɓare ta tana iya tahowa da ƙyallin.

Wasu kan sayo ƙyallin gwangwanin feshi su taɓa karce da kansu. Yawancinsa ba shi da hadina, bushewa kawai yake yi, fetur yana narkar da shi, kuma idan muka zo fesa namu a kansa yakan tattare. Ku faɗa mana wurin da kuka fesa shi tun kafin mu fara aiki.

Muna kuma roƙon kada kowa ya shiga ɗakin feshi don duba motarsa ana cikin aiki. Tururin hadina yana kama ƙirji ya jawo asma, takunkumin yadi kuwa ba ya tare shi.

Motar da aka fesa ranar Alhamis da yamma za a karɓe ta ranar Asabar, bayan folish. Kowace mota za ta fita da takarda ɗauke da ranar feshi, da ranar wankin farko, da ranar da za a iya shafa mata kaki. Wanda ya ga ramuka, ko dusashewa, ko fari-fari cikin kwana 30 ɗin nan, ya dawo mana da ita tare da takardar, kafin wani ya sa mata folish.

Wassalam.

Masu warshar fenti da ma'aikatanta,
Jidda.