Ki Zauna Ki Ci Fatur

Gadarif, Sudan, daren Alhamis

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka sosai bana, baƙar lakar Gadarif da kika sani tana nan tana ƙwace wa mutane takalma a hanya. Babanku yana gonar riɗi tun shekaranjiya, shi ya sa na samu gidan shiru na ɗauko biro.

Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa kiransa da bakina ba, kuma ba yau zan fara ba. 'Yar fari ce ke, haka na taso na tarar ana yi. Sai dai kunyar nan ta cinye mini maganganu da yawa da ya kamata a ce kin ji tuntuni. In na kira ki a waya, "lafiya lau" za ki ce, ni ma in ce "madalla", shabaka ta ɗauke, kowa ta koma da abin da ke cikinta. To yau sai ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Ƙanwarki ta faɗa mini. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce ranar Talata a tabur, taron safe na makaranta, yara na tsaye a layi, jiri ya ɗebe ki har sai da wata ustaza ta tare ki ta zaunar. Aka ba ki ruwan sukari, kika kakkaɓe tobinki kika shiga hissa ta farko, darasin farko, kamar ba ke ba. Ta kuma ce maganin maleriyar da aka rubuta miki, kwana biyu kika sha, da jiki ya yi sauƙi kika ɗaga sauran "saboda yara".

Wannan na biyun shi ya hana ni barci. Coartem na kwana uku ne, safe da yamma, sha shida cif, kuma ana so a bi shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki yadda ya kamata. Zazzaɓi yakan sauka tun cutar ba ta ƙare a jini ba, wanda ya tsaya a nan kuwa ya bar mata iri ne. Ragowar da kika ɓoye ma ba za ta yi wa yaro amfani ba, domin nasu da nauyin jikinsu ake auna shi. Ki koma a sake gwada ki, a duba yawan jininki, a auna hawan jini. In kuma wani a gidan ya yi zazzaɓi mai sassarar ƙashi da ciwo ta bayan ido, ki tuna da dengi da ta yi mana ɓarna a nan a daminar 2023. Farasitamol kaɗai ake ba mai ita kafin a kai ga likita, ban da asfirin, ban da burufen, don suna iya jawo zubar jini.

Amma ba maganar ƙwaya ce ta sa ni rubutu ba. Na tambayi ƙanwarki ko kina cin fatur, abincin hantsi, a makaranta, ta yi dariya ta ce, "Inna, ai jan biro take ci." Ni ban yi dariya ba, don na san a wurin wa kika koya.

Shekarun da na yi ina koyarwa, da an buga ƙararrawar fatur wajen ƙarfe goma, malamai mata sukan shimfiɗa tabarma a ofis su kewaye faranti guda. Ful ne, dafaffen wake, da man riɗi, wani lokaci da ta'amiyya mai kama da ƙosai, ranar da albashi ya fito a aika yaro ya sayo agashe, gasasshen nama, wajen mutanenmu. Ni kuwa ina can bakin taga da tulin littattafai da kofin shayi, in aka kira ni in ce "bismillah, na ƙoshi". A lokacin gani nake ƙwazo ne. Har wani ɗan alfahari nake ji a raina, wai su suna hira ni ina aiki, Allah Ya yafe mini. Shayin da nake rayuwa a kansa ashe shi ma yana da nasa laifin. Sai daga baya wata likita ta gaya mini cewa shayi a kan abinci yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke gina jini, lemon tsami kuwa yana taimaka masa. Ki matsa lemo a kan ful ɗinki ko adas, ki jinkirta shayin kamar awa guda. Abu ne mai arha, ni dai ban san shi ba sai da na kwanta.

Kuma abin da na rasa a kan tabarmar nan ya wuce abinci. A nan ake ƙulla sanduƙ, adashinmu na malamai. A nan wata za ta ce, "Gobe zan kai yaro allura, wa zai riƙe mini hissa ta uku?" a take a samu mai riƙewa. A nan ake jin wace ce maigidanta ba lafiya, wace ce ta san mai kawo gawayi da sauƙi. Ni da ban zauna ba, ranar da na buƙaci mai riƙe mini aji sai na ji nauyin tambaya, don ban taɓa tsoma hannu a kwano ɗaya da su ba. Na ci gaba da ɗaukar kayana ni kaɗai ina kiransa haƙuri, har ranar da aka ɗaura mini abin awo a hannu, mai awon ta dube ni ta ce, "Ustaza, da ƙafarki kika zo?" Tun daga ranar nake shan maganin hawan jini har yau. Shi wannan ciwo bai cika yin sallama ba, mutum na yawo da shi bai sani ba. Awo in ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, magana ta zama ta likita. Yana gidanmu, kakarki ma da shi ta tafi, don haka kada ki ce yarinya ce ke.

Akwai abin da ban taɓa ce miki komai a kansa ba. Kin tuna shekarun bukur? A 2000 aka tura agogon ƙasar nan gaba da awa guda, ba a mayar da shi ba sai a Nuwamban 2017. Da sanyi cikin duhu muke fita makaranta. Ke ce mai hura gawayi, ke ce mai wanke ƙannenki ki sa musu kaya, alhali ke ma ba ki wuce a shirya ki ba. Wata safiya kina kawo mini shayi hannunki ya karkarwa, ya zube a kan takardun jarrabawar da na kwana ina gyarawa. Na mare ki. Ba ki yi kuka ba, tsumma kika ɗauko kina gogewa. Sai da rana maƙwabciya ta aiko makaranta cewa jikinki zafi rau, ashe da zazzaɓi kika tashi. Ni da ke gane yaron da bai karya ba daga ƙarshen aji, ban ga 'yata da ke gabana ba. Ki yafe mini. Na daɗe ina son faɗa.

Dalilin tono wannan shi ne kishiyata, 'yarki. Watannin da kuka yi a wurinmu, tun da yaƙi ya fito da ku daga Madani a Disambar 2023 har sojoji suka karɓe garin a Janairun 2025 kuka fara shirin komawa, ina kallonta. Yarinyar ba ta kai goma ba, amma da ta ji motsinki za ta miƙe ta goya ƙaninta ba a sa ta ba. Kowa na yaba mata hankali. Ni kuwa ke nake gani. Ban ce kada ta yi aiki ba, 'ya mace ko namiji dole su koyi aikin gida. Amma ki raba, mijina ƙarami ma ya isa ya wanke kofuna ya cika zir, randar ruwa. Kuma in kin dawo, kafin ki buɗe jakar littattafai, ki zauna da su ko na tsawon shan ruwa ne, ki taɓa goshin kowa, ki ji abin da aka yi yau. Ajinki na da wasu malaman, su kuwa uwa ɗaya gare su.

Na san za ki ce zamaninki ba irin nawa ba ne, kuma gaskiyarki. Ni na ga an sauya tsanin karatu a farkon shekarun 1990, aka haɗe firamare da mutawassiɗa, makarantar tsakiya, aka yi asas ta shekara takwas, ke kuma kin ga an dawo da mutawassiɗa. Wannan duk sauyin takarda ne. Ban taɓa tsayawa gaban yaran da yaƙi ya raba da allo kusan shekara biyu ba, tun daga 15 ga Afrilun 2023, wasunsu a cikin ajin makaranta ma suka yi zaman gudun hijira. Ga ɗan shekara goma sha biyu a benci ɗaya da ɗan tara, ya manta haɗa baƙi, kunya ta hana shi faɗa. Manyansu ma jarrabawar shahada ta gama sakandare sai a ƙarshen Disambar 2024 aka samu aka yi ta. Na san abin da ke cin ki, so kike ki biya musu shekarun nan ke kaɗai a zango ɗaya. Ba zai yiwu ba, 'yata, ko da kin daina barci gaba ɗaya.

Ga ɗan abin da na koya a makare. Ba dole ne kowane littafi ya bi ta hannunki kullum ba. Ki raba ajin layi-layi, yau ki kwashi na wannan, gobe na wancan, lissafi da shifta kuwa su musanya littattafai ku gyara tare a allo, yaro ya fi riƙe kuskuren da ya gano da idonsa. Waɗanda suka yi nisa ki haɗa su da waɗanda aka bari a baya. Littafi kada ya biyo ki gida fiye da kwana biyu a mako. Muryarki kuma ki tattala ta, kin dai ji yadda tawa ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Kada ki yi gasar ihu da aji, ki yi shiru ki tsaya, ko ki ƙwanƙwasa tebur, za su lafa. Ki ajiye gorar ruwa kina kurɓa. In murya ta dishe, raɗa ba hutu ba ce, wahalar da maƙogwaro take ƙarawa, shiru ne maganin. In ta haura mako uku ba ta dawo ba, a duba. Bulala kuwa ki bar ta a gida. Yaron da ke zabura in an bugo ƙofa ya ga abin da ya ishe shi.

Darasin yamma da kike yi wa yaran unguwa, ban hana ki ba. Na san albashi yana zuwa a makare, in ya zo ma kasuwa ta riga shi gudu. Amma ki mayar da shi kwana uku, Juma'a da Asabar kuma ki rufe ƙofa. Mu Juma'a kaɗai muke da ita, ku da aka ba biyu kada ki mayar da ɗaya ranar aiki da hannunki. In an yanke riɗi babanku zai turo muku wani abu ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya ce kada ki yi musu.

Maigidanki mutumin kirki ne, mun zauna da shi mun gani. Sai dai namiji in ya ga tuwo na fitowa a kan lokaci, ɗauka yake komai lafiya. Ki gaya masa a fili, ba a bakin ƙofa yana sa takalmi ba, bayan isha'i in ya ci ya natsu. Ki ce masa kin faɗi a tabur. Ki ce ya riƙa kai ƙaramin wajen kakarsa da safe, ya ɗauke miki cefane da ɗibar ruwa. Babanku sai da na kwanta asibiti ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?" Na rasa amsar da zan ba shi. Kuma tunda na ambaci ruwa, ki ci gaba da tafasa na sha ko sa masa kulorin, kwalarar da ta ɓarke a Agustan 2024 ta koya mana. In gudawa ta kama yaro, kafin a isa asibiti, lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kin sha jin kakarki tana ba da labarin mutanenmu da suka taso bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Mai Wurno har bakin Nilu kusa da Sinnar. Abin da ta fi nanatawa shi ne ba a tafe suke kullum ba. Sukan yada zango, su yi noma damina guda, mata su haihu, marasa lafiya su warke, sannan a ɗaura kaya. Kuma kin fi ni sanin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdullahi ɗan Amru da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka. Ibada ce fa aka ce ya sassauta, balle gyaran littafin imla'i.

Direban da ya saba kawo muku saƙo zai taso ranar Asabar ta Fau. Na ba shi gidan sauro biyu, da garin gero na kunu, da riɗi, da kuka da daddawa, da dabino mudu guda. Dabinon naki ne, a jakar makaranta zai zauna, kada in ji an raba wa yaran aji. Akwai ƙaramin kwano mai murfi a ciki, shi ne wanda na saya don kai fatur makaranta ban taɓa kai shi ba. Ranar Lahadi ki zuba wani abu a ciki, ki je ki zauna a tabarmar nan.

In kin yi awon, ki ɗauki hoton takardar ki turo wa ƙanwarki ta WhatsApp, ni da idona nake so in ga lambar. Ki gaida maigidanki da surukarki. Ki ce wa kishiyata ɗan kunnen da ta bari yana nan na adana, mijina kuma har yanzu ina jiran kuɗin cefane.

Allah Ya yi muku albarka.

Innarku