Awartakin maƙeri da ganuwar Faransawa: asalin kalmar tenaille

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi wa masu sha'awar tarihin yaƙi bayani kan kalmar Faransanci tenaille, wadda ake furtawa "tanay". Da yawa kan ɗauka sunan sansanin soja ne sukutum, alhali wani yanki ne na ganuwa.

Asalinta Latin ne, daga tenacula, jam'in tenaculum, abin riƙo, wanda ya fito daga tenere, wato riƙe. Ma'anarta ta farko ita ce awartaki, irin wanda maƙeri ke ɗauko jan ƙarfe da shi daga wuta, ko kafinta ke zare ƙusa. Har gobe sojan Faransa kan ce an ɗauki abokan gaba "en tenaille" idan an matse su ta dama da hagu.

Magina ganuwa sun ari sunan saboda siffa. Tsakanin kusurwoyi biyu da suka fito waje akwai miƙaƙƙen bango. Sai a gina ɗan guntun bango a cikin gwalalo, gaban wancan, hannuwansa biyu sun buɗe wajen maƙiyi, tsakiyarsa ta lotsa ciki kamar bakin awartaki. Yana kāre gindin babban bango da ƙaramar ƙofar fita gwalalo, yana kuma ba mayaƙa wurin taruwa kafin su faɗa wa masu kewaye gari. Injiniya Vauban (1633–1707), wanda ya yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 aiki, ya yi amfani da shi sosai. Ana ganin irin wannan gini har yau a garin Neuf-Brisach na yankin Alsace a Faransa, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2008.

Inda aikin ke lalacewa shi ne tsayi. Dole ginin ya yi ƙasa, domin idan ya ɗaga, sai ya tare igwogin da ke gefen kusurwoyi, su kasa share gwalalo da wuta. Akwai kuma lungun da hannuwansa biyu suka haɗu: wanda ke sama ba ya iya harbin wanda ya maƙale a gindinsa, nan kuwa masu haƙa rami da jingina tsani ke nema.

Ina fata jaridarmu za ta riƙa haɗa irin wannan bayani da zane, don fahimtar kusurwa da baki kaɗai tana da wuya.

Naku,
Mai karatu daga Damagaram