Ba Mai Jitar Gaba Kaɗai Ne Gwani Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana kan yadda ake auna gwanintar makaɗan shekarun 1960. Da an ce gwani, sai a kira Jimi Hendrix ko Jimmy Page, masu jitar kiɗan rok, a bar masu jitar bes, wato jita mai amo mai kauri, na kiɗan sol na baƙaƙen Amurka a baya.

Hendrix ya cancanci yabo. Bahago ne, ya juya jitar Fender Stratocaster ta 'yan dama yana kaɗawa, yana sassauta tsirkiyoyinta shida da rabin murya don su yi laushin lanƙwasawa. A nan masu koyo ke faɗuwa: su tura tsirkiya sama da yatsa ɗaya, ƙarfi ya gaza, sautin ya tsaya ƙasa da inda ake so. Yatsu uku ake haɗawa. Tasirin Hendrix ya kai har Agadas, kowa ya ji Bombino, makaɗin jita na can, ya san haka.

To amma a dubi James Jamerson, mai jitar bes na kamfanin faifan waƙa na Motown a birnin Detroit na Amurka. Tsirkiya huɗu gare shi, masu kauri da santsi, kuma ba ya canza su sai in ɗaya ta tsinke. Akwai soso a gindinsu don kada sautin ya yi ta jan dogon amo. Da manuni kaɗai yake fizga, amma yana zuba sauti tsakanin bugun ganga, ba a kansa kawai ba. Aikin mai bes rabi kaɗawa ne, rabi kashe sauti: in bai danne tsirkiyar da ya bari ba, sai ta yi ta gunji, kiɗan ya dagule. In ya makara da ƙiftawar ido, masu rawa ne za su fara ganewa. Paul McCartney, mai jitar bes na ƙungiyar Beatles, da kansa ya ce ya koya daga Jamerson, amma Motown ba ta saba rubuta sunayen makaɗanta a faifai ba sai 1971, a kundin mawaƙi Marvin Gaye.

Wayar hannu ma ta ƙara cutar masu bes. Tsirkiyar bes mafi kauri tana karkarwa sau 41 a daƙiƙa, ta jitar gaba sau 82, ƙaramar sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da irin wannan amo. Mai son yin alƙalanci ya sa abin ji a kunnuwa biyu tukuna.

Wassalam,
Wasu masu koyar da kiɗa