Yankin teku da aka killace, wa ke duba lafiyarsa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

A Disamba 2022 ƙasashen duniya suka amince a birnin Montiriyal na Kanada cewa za su killace kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030, kuma zuwa 2024 abin da aka killace ya ɗan haura kashi 8. Duk lokacin da aka ayyana sabon yanki, kafafen labarai na kawo faɗinsa a kilomita. Roƙonmu shi ne wakilanku su riƙa tambayar wa ke auna shi, kuma da me ake kwatanta awon.

Aikin yana farawa tun kafin a hana kamun kifi. Ana auna cikin yankin, a kuma auna wani wuri mai kama da shi a waje, mai zurfi iri ɗaya da ƙasan ruwa iri ɗaya. In babu wannan, ko kifi ya ƙaru ba za a san ko kariyar ce ta yi aiki ko shekarar ce ta yi kyau ba. Nan ne wurare da yawa suka yi sake, kuma abin ba ya gyaruwa daga baya.

Mai nutso yana shimfiɗa igiyar awo ta mita 50 a ƙasan ruwa, ya bi ta a hankali da allon roba da fensir, yana rubuta irin kowane kifi da tsawonsa a cikin faɗin mita 5. Tsawon nan ne ginshiƙi, domin daga shi ake lissafa nauyi. Ƙananan kifaye ɗari ba su kai manya goma ƙwai ba, kuma manyan ne ƙugiya ke fara ɗaukewa. Sai dai ruwa na ƙara wa abu girma a ido, wajen kashi ɗaya bisa uku, shi ya sa ake horar da masu ƙirga da kifayen katako da aka san tsawonsu. In an canza ma'aikaci ba a horar da sabon ba, sai a ga kifi ya “ƙaru” a takarda kawai. Haka ma in an auna bana a wani wata, baɗi a wani. Kifayen da ke gudun mutum, irin su shak, babban kifin nan mai cin nama, ana sauke musu kyamara da gwangwanin dakakken kifi a gabanta, a bar ta kamar awa ɗaya.

Murjani kuma, wato halittar ruwa mai gina duwatsun da kifi ke zama a cikinsu, ana duba shi kowane rabin mita a kan igiyar: mai rai ne, matacce ne, ko gansakuka ta rufe shi. Ana ɗaure ma'aunin zafi a dutse ya riƙa ɗaukar awo duk shekara. Ƙarin digiri 1 kan zafin da aka saba a watan da ya fi zafi, in ya yi wajen mako huɗu, ya isa ya sa murjani ya yi fari, wato launinsa ya koɗe, alamar yana cikin haɗarin mutuwa. Killacewa ba ta hana wannan; Babban Shingen Murjani na Ostireliya ya yi fari a 2016 da 2017 duk da tsaronsa.

Satar kamu ma dole a sa mata ido. Tauraron ɗan'adam na ganin manyan jirage ta na'urar AIS mai sanar da inda jirgi yake, amma ɓarawo na kashe ta, ƙananan kwale-kwale kuwa ba su da ita, don haka sintiri a kan ruwa ba shi da madadi.

A Kabo Pulmo na Meziko, wanda aka killace a 1995, nauyin kifi ya ninka fiye da sau huɗu tsakanin 1999 da 2009. An iya faɗin haka ne saboda akwai awon 1999. Don Allah in za a ba da labarin wani yanki, a tambayi shekarar awon farko da kasafin da aka ware wa na gaba.

Wassalam,
Wasu masu nazarin halittun teku