Sanarwa kan ajiyar insulin a firji

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Tunda zafi ya kankama, ga tunatarwa ga masu allurar insulin ta ciwon sukari da masu kula da su.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A bar ta cikin kwalinta a tsakiyar firji, nesa da bangon baya da gidan ƙanƙara. A waɗannan wurare biyu aka fi yin asara, musamman a ƙananan firjin nan masu ƙofa ɗaya. Insulin in ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya yi kyau a ido, a zubar da shi kawai. Jikin ƙofa ma bai dace ba, yara na ta buɗewa neman ruwan sanyi.

Wanda aka fara amfani da shi yawanci kwana 28 yake yi. A rubuta ranar buɗewa a jikinsa, a kuma duba takardar ciki, don wasu sun bambanta.

In an ɗauke wuta a rage buɗe firji. In ta daɗe ba ta dawo ba, a ƙulle kwalbar a leda, a ajiye ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, cikin inuwa.

Wanda ya yi gudaji ko ya canza launi, kada a yi allura da shi, a nuna wa likita.